Baƙon da jirgi yake kawowa

A shekarar 1982 aka fara ganin wata halitta a Baƙin Teku, arewa da ƙasar Turkiyya. Ba ta da ƙashi, jikinta kamar yauƙin kuɓewa. Asalinta gaɓar tekun Amurka. Manyan jiragen ruwa sukan ɗibi ruwa domin daidaita nauyinsu, a cikinsa ta zo. Da ta tarar babu mai cin ta, sai ta hayayyafa, tana cinye ƙwan kifi da abincin ƴaƴansa. Zuwa 1990 kamun ƙananan kifaye ya faɗi warwas.

Ruwan tabkin Madarunfa ba na gishiri ba ne, ba za ta rayu a cikinsa ba. Abin tsoro a nan shi ne baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure, ƴar Amurka ta Kudu, wadda ta addabi kogin Kwara wajen Yamai. Takan rufe ruwa har kifi ya rasa iska, kuma tsiro guda ya isa ya yaɗu.

Saboda haka, masunta, wanda ya dawo daga su a wani ruwa, ya kakkaɓe komarsa, ya wanke jirginsa nesa da tabki, ya shanya su su bushe ƙarau kafin ya shiga.