Yadda WhatsApp ta ƙwace kasuwa daga hannun BBM da 2go

A farkon shekarun 2010, matashin da ke son a san ya waye a Najeriya BlackBerry yake riƙewa. In aka haɗu a wurin biki ko a makaranta, abin da ake tambaya shi ne PIN na BBM. Wanda ba shi da kuɗin BlackBerry kuwa yana da 2go a ƙaramar Nokia, ya kwana yana hira don tauraronsa ya ƙaru. An rufe BBM ta gama-gari a ranar 31 ga Mayun 2019, 2go kuma ta zama labari. Ita kuwa WhatsApp tun a Fabrairun 2020 ta kai masu amfani biliyan 2 a duniya. Dukkansu aikin aika saƙo suke yi, amma sun bambanta a yadda suka jawo mutane da yadda suka riƙe su.

Ƙofa mai sauƙin shiga

Jan Koum da Brian Acton, tsofaffin ma'aikatan Yahoo, su ne suka gina WhatsApp daga shekarar 2009 a Amurka. Babbar dabararsu ita ce yin rajista da lambar waya kawai. Babu zaɓen suna, babu kalmar sirri da za a manta. Da zarar mutum ya sauke manhajar, sai ta duba lambobin da ke cikin wayarsa ta nuna masa waɗanda suka riga shi shiga. Cikin mintuna kaɗan ya fara hira da mutanen da ya sani. A BBM kuwa sai an karɓi PIN mai haruffa da lambobi takwas daga kowane aboki, ɗaya bayan ɗaya.

Dabara ta biyu ita ce rashin zaɓen waya. WhatsApp ta fara a iPhone, sannan ta bi BlackBerry da Android da wayoyin Nokia, har da masu araha irin su Asha. Kamfanin BlackBerry shi kuma ya killace BBM a wayoyinsa, don duk mai sonta ya sayi wayar. Bai sake ta ga Android da iPhone ba sai a Oktoban 2013, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin WhatsApp ta tara ɗaruruwan miliyoyin mutane. Ita ma 2go, wadda aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu don ƙananan wayoyi masu Java, ba ta yi saurin bin masoyanta ba sa'ad da wayoyin Android masu sauƙin kuɗi irin su Tecno da Infinix suka cika kasuwa.

Saƙon murya

A Agustan 2013 WhatsApp ta fito da saƙon murya: a danna, a yi magana, a saki. Ga Bahaushe wannan ƙaramin maɓalli ya buɗe babbar ƙofa. Dattijon da bai yi boko ba ya samu damar gaisawa da ɗansa da ke ci-rani ba tare da neman mai rubuta masa ba. 'Yar kasuwa tana tura hoton atamfa ko turare, ta bi shi da bayanin farashi da bakinta. Karatuttukan malamai da sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa duk suka koma yawo ta nan. Manhajar kuma tana matse hotuna da sauti don kada su cinye data, saƙo yana jira har sabis ya dawo sannan ya tafi da kansa.

Abin da ke hana mutum fita

Samun mai amfani daban, riƙe shi daban. Abin da ya fi ɗaure mutane a WhatsApp shi ne rukunonin hira, waɗanda aka fara a 2011: na dangi, na tsofaffin ɗalibai, na 'yan kasuwa, na unguwa. Duk wanda ya goge manhajar ya yanke kansa daga waɗannan mutane gaba ɗaya. Wannan ƙarfi ne ya sa Facebook ya amince ya saye ta a Fabrairun 2014 kan dala biliyan 19, alhali ma'aikatanta 55 ne kacal, masu amfani da ita kuma kusan miliyan 450.

Bayan haka kamfanin ya ci gaba da cire abin da zai iya korar mutane. A da akan biya dala 1 a shekara bayan shekarar farko, sai aka soke kuɗin a Janairun 2016 saboda da yawa daga masu amfani ba su da katin banki. A Afrilun shekarar aka kulle saƙonni ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya karantawa. Status ya zo a 2017, WhatsApp Business kuma a 2018, wadda ta mayar da wayoyin masu ƙananan sana'o'i shaguna.

Inda aka yi tuntuɓe

A Janairun 2021 WhatsApp ta aika wa mutane sanarwar sabbin sharuɗɗan sirri, tare da wa'adin 8 ga Fabrairu: ko a amince ko a rasa asusu. Jama'a suka tsorata da batun raba bayanai da Facebook. Telegram ya sanar da samun sabbin mutane miliyan 25 cikin sa'o'i 72, Signal ma ta cika maƙil, har kamfanin ya ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu. A Najeriya maganar ba ta tsaya nan ba, domin a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Akasarin mutane ba su bar WhatsApp ba, saboda danginsu da abokan cinikinsu suna can, amma da yawa sun ajiye wata manhajar a gefe. Yanzu da Meta ya sanar a Yunin 2025 cewa talla za ta fara bayyana a sashen Status, an sake ɗora wannan amana a kan ma'auni.

Darasi ga masu ƙirƙira

Matashin da ke gina manhaja a Kano ko Kaduna ko Yamai zai iya ɗaukar abubuwa a nan ba tare da jarin biliyoyi ba. Ya ƙirga matakan da sabon mutum zai bi kafin ya ga amfanin farko, ya rage duk wanda ba dole ba. Ya gwada manhajar a waya mai araha wadda ma'ajiyarta ta kusa cika, a wurin da sabis ke rawa, tunda irin wayar da yawancin abokan cinikinsa ke riƙe da ita ke nan. Ya tanadi murya da hoto don wanda rubutu ke yi wa wuya. Idan kuma zai sauya wani sharaɗi da ya shafi kuɗin mutane ko bayanansu, ya yi musu bayani da Hausa mai sauƙi tun kafin ranar, kada su fara jin labarin a rukunin dangi.