Jirgin Ruwa Mai Filafilai da Yawon Wuni Guda Zuwa Bakin Teku

Wani mai sauraronmu daga Yawuri ya aiko da takarda yana tambaya, wai shin gaskiya ne har yanzu akwai jirgin ruwa mai aiki da tururi da ke kai mutane yawon shan iska a ƙasar Turawa? Kuma me ya sa ba su yar da shi ba?

To malam, gaskiya ne. Sunan jirgin Waverley, gidansa birnin Gilasgo na Sikotlan, a arewacin Birtaniya. An jefa shi ruwa a 1946, ya fara ɗaukar fasinja a 1947. A cikin ire-irensa masu ɗaukar fasinja, shi kaɗai ya rage da ke shiga teku.

Ga yadda yake tafiya. Ana dafa ruwa a wata ƙatuwar tukunya, tururin ya tura injin, injin ya juya wasu manyan ƙafafu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. A jikin kowace ƙafa an jera faifan katako da ke dukan ruwa, kamar dai filafilin da ɗan kwale-kwale ke tuƙi da shi. Da can kwal ake hura masa, daga 1957 aka koma mai. Irin waɗannan jirage ba baƙi ba ne a ruwayenmu. A 1832 biyu daga cikinsu sun hau Kwara, har ɗaya ma aka sa masa suna Alburkah, watau albarka.

Shi kuwa yawon, da hantsi ake tashi daga Gilasgo, a bi kogin Clyde a gangara, a riƙa tsayawa a garuruwan gaɓa irin su Largs da Dunoon, har a kai Rothesay da ke tsibirin Bute. Nan mutum zai sauka ya zaga gari, ya ci soyayyen kifi, ya sayi tsaraba, da jirgi ya yi ƙugi sai kowa ya dawo. A gida ake kwana.

Wannan al'ada ta daɗe. Tun 1812 wani jirgi mai suna Comet ya fara jigila a wannan kogi. Gilasgo gari ne na masana'antu, ga hayaƙi ga cunkoso. Saboda haka in hutun watan Yuli ya zo, sai leburori su kwashi iyali a yi bakin teku. Da su masu masauki da masu abinci da 'yan tireda na garuruwan nan suke samun na shekara, kamar yadda kaka take ga manomi.

Amma fa komai ya yi farko yana da ƙarshe. Daga shekarun 1960 mutane suka sami motoci, jirgin sama kuma ya yi araha, sai aka koma zuwa hutu Sifen. Fasinja ya ja baya, kasuwar garuruwan ta faɗi, aka yi ta farfasa jiragen ana sayar da ƙarfensu. A 1974 kamfanin da ke da Waverley ya ga ba riba, ya sayar wa wata ƙungiyar masu son adana irin jiragen a kan fam 1 tak. A 2019 tukunyarsa ta lalace ya daina fita, aka tara gudummawar sama da fam miliyan 2, ya koma aiki a 2020.

Ka ga ke nan, ba don sauri ake riƙe da shi ba, don mota ta fi shi. Ana riƙe da shi ne don tarihi, kuma duk ranar da ya tsaya a wani gari, masu shaguna sun ga ciniki. Ku ma 'yan kasuwar bakin kogi kun san haka, ranar da jirgi ya iso ita ce ranar kasuwa.

Da fatan malam ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku.