Karfasa da danginta: yadda za a ce « cichlidé nain » da Hausar Kurfai

1. Gabatarwa

Filinge tana cikin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Babu kogi mai gudana a ƙasar Kurfai, sai tabkuna da ke cika da damina, galibinsu su ƙafe da rani. Saboda haka Bakurfaye ya fi sanin kifi a kasuwa, ƙyafaffe ko busasshe, bisa ga yadda yake rayuwa cikin ruwa. A wannan ɗan rubutu za mu duba matsala guda: in malamin makarantar harshen gida, irin waɗanda aka fara gwadawa a Damagaram a 1973, ya ci karo da « cichlidé nain » cikin littafin Faransanci, mi zai ce wa ɗalibansa?

2. Abin da ake nufi

A Turai akwai masu kiwon kifi cikin akwatin gilashi don kallo kawai. Wasunsu kan tafi Peru ko Birazil su kamo ƙananan kifaye na jinsin Apistogramma, waɗanda galibinsu ba su kai santimita 10 ba, a zuba su cikin leda da ruwa da iskar shaƙa, a ɗora a jirgin sama. Afirka ma tana da nata: Pelvicachromis pulcher, wanda Boulenger ya bayyana a 1901, daga kudancin Nijeriya da Kamaru yake. Macen kan yi ƙwai cikin rami, ita da namijin su tsare ɗiyan. Shi ya sa mai kiwo ke kifa musu ɓawon kwakwa cikin akwati. Wannan hali na reno shi ne abin da ke jan masu kiwon.

3. Abin da Hausa ke da shi

Duk waɗannan kifaye gidansu ɗaya da karfasa, wato Cichlidae. A Kurfai, inda /f/ ke zama [h] kafin /i/ da [hw] kafin /a/, ana cewa kihi da karhwasa. Amma kalmar guda ta haɗe kifayen da masana suka raba, musamman bayan aikin Trewavas na 1983:

(1) Oreochromis niloticus: uwa ke riƙe ƙwai a baki
(2) Sarotherodon galilaeus: uwa da uba duka ke riƙewa
(3) Coptodon zillii (Tilapia zillii kafin 2013): a ƙasa ake ƙwai, a yi gadinsu

Ke nan Hausa ta dubi siffa da abin da ke shiga tukunya, masana kuwa suka dubi haihuwa. Wannan ba gazawa ba ce: ita kanta Tilapia, wadda Andrew Smith ya ƙirƙira a 1840, daga tlhapi ta fito, wato « kifi » kawai da harshen Tswana.

4. Fassarar « nain »

Hanyoyi uku muke gani:

(4) ƴar karfasa
(5) wadan karfasa
(6) karfasar da ba ta girma

Misali na (4) yana da harshen damo, domin ɗan/ƴar na nuna ƙanƙanta da ƙuruciya gaba ɗaya. Ɗalibi zai ɗauka za ta girma. Na (5) ya bi Faransanci sawu da ƙafa, sai dai wada na mutum ne, kuma yakan zo da raini. Na (6) dogo ne, amma shi kaɗai ya faɗi gaskiyar abin: kifin ya kai munzalin haihuwa yana ƙarami.

5. Kammalawa

Muna ba da shawarar « dangin karfasa » a madadin Cichlidae, da (6) a madadin « cichlidé nain ». Kafin a tsayar da su, ya kamata a gwada su ga masunta na bakin Kwara da malaman makarantun Filinge, domin su ne za su furta su gaban jama'a.