Shari'ar gahawa mai zafi: Dalilin da Amurkawa ke kokawa kan diyyar da kotuna ke bayarwa

A Amurka, duk lokacin da aka ɗauko zancen ƙararrakin neman diyya marasa tushe, da wuya a tashi daga wurin ba a ambaci tsohuwar nan da ta zubar wa kanta gahawa ta kuma kai kamfanin McDonald's kotu ba. Yadda labarin ya yaɗu shi ne wai wata mata ta sayi gahawa, ta yi sakaci ta kife a jikinta, sannan aka ba ta kusan dala miliyan uku. Masu barkwanci a talabijin sun yi ta shewa da ita, 'yan siyasa kuma suka mayar da sunanta hujjar neman a sauya dokoki. Ra'ayin jama'a da yawa a lokacin bai wuce abin da Bahaushe ke cewa ba: kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Sai dai bayanan da aka gabatar a gaban kotu sun sha bamban da abin da ya shiga kunnen mutane, kuma sanin wannan bambanci ne zai sa a fahimci taƙaddamar da har yau ba ta lafa ba.

Sunan matar Stella Liebeck, shekarunta 79 a lokacin. A ranar 27 ga Fabrairun 1992, a birnin Albuquerque na jihar New Mexico, ta sayi kofin gahawa na santi 49 ta tagar da ake miƙo wa masu mota saye. Ba ita ke tuƙi ba, jikanta ne, kuma ya tsayar da motar a wurin ajiye motoci domin ta zuba madara da sukari. Ta saƙale kofin tsakanin gwiwoyinta, tana cire murfin sai gahawar ta kwarare mata a cinya. Wandon auduga da ke jikinta ya tsotse ruwan ya manne da fata. Ta samu ƙuna mafi tsanani, irin wadda ke cinye fata har ƙasa, a kashi 6 cikin 100 na jikinta, ciki har da cinyoyi da matsematsi. Ta kwana takwas a asibiti, aka yi mata dashen fata, ta kuma shafe kusan shekara biyu tana jinya.

Da farko ba kotu ta nufa ba. Ta nemi kamfanin ya biya ta dala 20,000 domin kuɗin magani da sauran asarar da ta yi, kamfanin ya ce dala 800 zai bayar. Daga nan ne ta ɗauki lauya. A zaman shari'ar da aka yi cikin watan Agustan 1994, an nuna cewa McDonald's na umartar shagunansa su riƙe gahawa a kan zafin digiri 82 zuwa 88 a ma'aunin Salsiyos, zafin da ƙwararru suka shaida cewa yana iya cinye fatar mutum cikin 'yan daƙiƙu. Takardun kamfanin sun kuma nuna cewa daga 1982 zuwa 1992 ya samu ƙorafe-ƙorafen ƙuna fiye da 700. Kamfanin ya kare kansa da cewa masu saye suna son gahawa ta riƙe zafinta har su isa wurin aiki, kuma adadin waɗanda suka ƙone ba komai ba ne idan aka kwatanta da biliyoyin kofunan da ya sayar. Wannan hujja tana da ƙarfinta a lissafi, amma a gaban mutanen da suka ga hotunan raunin tsohuwar, ta fito kamar rashin tausayi.

Masu taimaka wa alƙali yanke hukunci sun ɗora wa kamfanin kashi 80 cikin 100 na laifin, ita kuma kashi 20. Suka yanke mata diyyar dala 200,000, wadda ta ragu zuwa 160,000 saboda nata kason na sakaci. Sannan suka ƙara dala miliyan 2.7 a matsayin diyyar horo, adadin da aka ƙiyasta cewa ya yi daidai da cinikin gahawar kamfanin na kwana biyu. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya mamaye kanun jaridu. Abin da bai samu irin wannan yayatawa ba shi ne alƙalin kotun, Robert Scott, ya zaftare diyyar horon zuwa dala 480,000, jimillar kuɗin ta koma 640,000. Daga baya ɓangarorin biyu suka sasanta a asirce, ba a bayyana adadin ba. Matar ta rasu a 2004 tana da shekara 91.

Me ya sa kuɗin ke kai haka a Amurka?

Ga mai karatu a Nijeriya, inda alƙali ne ke sauraron shari'a ya kuma ƙayyade diyya da kansa, tsarin Amurka na iya zama abin mamaki. A can, gyara na bakwai da aka yi wa tsarin mulki a 1791 ya tabbatar da haƙƙin a gurfanar da shari'ar farar hula a kotunan tarayya gaban wasu mutanen gari da ake zaɓowa, jihohi ma suna da irin wannan tanadi. Direba ko malamar makaranta ko mai shago, su ne za su saurari likitoci da injiniyoyi, su faɗi wanda ya yi sakaci, su kuma sa farashi a kan zafin ciwo. Babu wani ma'auni da zai ce yatsa kaza ne, makanta kaza, kamar yadda malaman fiƙihu suka tsara ƙa'idojin diyyar gaɓoɓi. Don haka rauni iri ɗaya zai iya samun diyya mabambanta a garuruwa biyu.

Akwai kuma yadda ake biyan lauyoyi. Wanda aka ji wa rauni yawanci ba ya biyan komai da farko. Lauya zai ɗauki shari'ar bisa sharaɗin zai karɓi kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka samu, wani lokaci har kashi 40 cikin 100. Wannan yana buɗe wa talaka ƙofar kotu, yana kuma cika titunan ƙasar da allunan tallan lauyoyi masu kiran duk wanda ya yi haɗari ya bugo waya. Bugu da ƙari, a Amurka kowane ɓangare ne ke biyan lauyansa ko ya yi nasara ko ya faɗi, saɓanin Ingila inda wanda ya faɗi kan ɗauki nauyin kuɗin abokin shari'arsa. Sakamakon haka, kamfani na iya ganin ya fi masa sauƙi ya biya mai ƙara mai raunin hujja a sallame shi, a kan ya kashe ninkin kuɗin wajen kare kansa. Abin lura, da wasu suka kai McDonald's ƙara a Ingila kan zafin abin sha, babbar kotu ta yi watsi da buƙatarsu a 2002.

Kada a manta da tsadar asibiti. A ƙasar da jinyar 'yan kwanaki ke iya jefa iyali cikin bashi, kotu kan zama hanyar da mutum zai bi ya samu kuɗin magani.

Wannan ba ya nufin fushin jama'a ba shi da dalili. Ƙararrakin son zuciya suna nan. A birnin Washington, wani alƙalin kotun gudanarwa mai suna Roy Pearson ya kai wani ƙaramin shagon wanki da guga ƙara kan ɓatan wandonsa, ya nemi dala miliyan 67, daga baya ya sauko zuwa miliyan 54. Kotu ta kore shi a 2007 ba tare da ko sisi ba, amma kafin nan masu shagon, 'yan asalin Koriya ta Kudu, sun sha wahalar shekaru biyu ta zirga-zirga da kuɗin lauya, har suka rufe wannan shago. Irin wannan ne ke nuna cewa ko da shari'a ta ƙare da gaskiya, wanda aka ja zuwa kotu ba bisa haƙƙi ba ya riga ya yi asara.

Alƙaluman hukuma kuwa suna nuna cewa manyan hukunce-hukuncen da ake yayatawa ba su ne aka saba gani ba. Binciken da sashen ƙididdiga na ma'aikatar shari'ar Amurka ya yi kan kotunan jihohi na shekarar 2005 ya gano cewa matsakaiciyar diyyar da masu ƙarar cutarwa suka samu ta kai kimanin dala 24,000, kuma a kusan kashi 5 cikin 100 kawai na shari'o'in da masu ƙara suka yi nasara aka bayar da diyyar horo. Mafi yawan ƙararraki ma ba sa kai wa ga zaman shari'a, ko dai a sasanta ko a kore su tun da wuri. Jarida tana ɗaukar labarin miliyoyin ranar farko, amma ragin da alƙali zai yi bayan wata uku ba ya samun shafin gaba.

Kotun ƙolin ƙasar ta sa baki fiye da sau ɗaya. A 1996, a shari'ar wani likita a jihar Alabama da ya gano an sake fentin sabuwar motarsa ƙirar BMW ba a gaya masa ba, ta ce diyyar horo ta dala miliyan biyu a kan asarar dala 4,000 ta wuce kima. A 2003, a shari'ar kamfanin inshora na State Farm, ta soke diyyar horo ta dala miliyan 145, tana mai nuni da cewa da wuya a amince da horon da ya kai ninki goma na ainihin diyya. A 2008 kuma ta rage horon da aka yi wa kamfanin Exxon kan malalar mai a Alaska zuwa kusan dala miliyan 507, alhali masu taimaka wa alƙali sun yanke biliyan biyar tun farko.

Majalisun jihohi sun bi ta wata hanya, wato sanya iyaka. Kalifoniya ta ƙayyade diyyar zafin ciwo a shari'o'in sakacin likitoci a kan dala 250,000 tun 1975, adadin da bai motsa ba sai a 2023. Texas ta yi makamancin haka a 2003. Ƙungiyoyin likitoci da 'yan kasuwa suna cewa iyakar ta sauƙaƙa kuɗin inshora ta kuma rage ƙararraki. Masu suka kuwa suna cewa wanda ya fi jin jiki shi ne ke biyan farashin: yaro ko tsoho ko matar gida ba su da albashin da za a lissafa a matsayin asara, don haka idan aka toshe diyyar zafin ciwo, lauya ba zai ga ribar ɗaukar shari'arsu ba komai munin abin da aka yi musu. Wannan suka tana da nauyi, domin ƙarar banza ba ta kai wa ga iyakar balle ta taɓa ta. Mai mummunan rauni ne ke cin karo da ita. A 2010, kotunan ƙoli na jihohin Illinois da Georgia sun soke irin waɗannan iyakoki bisa hujjar cewa sun saɓa wa tsarin mulkin jihohinsu, yayin da wasu jihohin suka ci gaba da aiki da nasu.