Kula da Karen Kiwo Mai Yawan Gashi a Gida

Yawancin karnukan da makiyaya da mafarauta suke riƙewa a ƙasar Kano masu gajeren gashi ne, sun saba da zafin ƙasarmu. Amma a unguwanni irin su Sabon Gari da sauran sassan Ƙaramar Hukumar Fagge, ana samun gidaje da ke ajiye karen ƙasar waje domin gadi, musamman karen makiyayan Jamus, wanda ake kira Alsatian. A shekarar 1899 Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar da ta daidaita wannan iri a Jamus domin tsaron garken tumaki. Wasu daga cikinsu suna da dogon gashi mai rufi biyu, wanda ya dace da ƙasar sanyi. Saboda haka riƙon irin wannan kare a Kano yana da wahalhalunsa.

Zafi da Gashi

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40 ko fiye. Kare ba ya yin gumi kamar mutum, ta haki yake fitar da zafin jikinsa. Wajibi ne a tanadar masa inuwa da ruwan sha mai tsabta dare da rana, kada a ɗaure shi a rana ko ƙarƙashin rufin kwano. A fita da shi da sassafe ko bayan la'asar. Idan aka ga yana haki mai tsanani, miyau na dalala, yana tangaɗi, a jiƙa jikinsa da ruwan randa a gaggauta kai shi wurin likitan dabbobi.

A riƙa taje gashinsa sau biyu ko uku a mako. Kada a aske shi ƙwal, domin gashin yana kare fatarsa daga rana. Da damina kaska da ƙuma sukan ɓuya cikin gashin, musamman a kunnuwa da tsakanin yatsu, suna shan jini suna kawo ciwo. Kada a fesa masa maganin ƙwarin gona, domin yana iya kashe karen, yana kuma cutar da yaran gida.

Abinci

Ragowar tuwo kaɗai ba ta wadatar da shi, yana buƙatar nama ko kifi. A guji ba shi albasa da cakulan da ƙashin kaza dafaffe. Maganin tsutsar ciki kuwa, a nemi shawarar likita.

Rigakafin Ciwon Haukan Kare

Wannan shi ne mafi muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta cizon kare suka kamu. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya a tsira. Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar farko yana da wata uku, sannan a sabunta kowace shekara. A adana katin allurar.

Duk wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya a kan maganin gida.

Kira ga Shugabanni

Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su faɗakar da jama'a cewa kada a bar kare yana yawo sake a unguwa, kuma a sanar da jami'in kula da dabbobi na ƙaramar hukuma duk karen da halinsa ya sauya farat ɗaya. Ranar 28 ga Satumba, wadda ake kiyayewa a matsayin ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, dama ce ta tunatar da jama'a. Rigakafi ya fi magani.