Littafi, Fim Da Karta: Hajar Da Ta Bar Jakar Fatake Ta Koma Wayar Salula A Paraku Da Jugu

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Cikanda zuwa Nikki har ya sauka Paraku, ko kuma ya gangaro ta Malanbil da Kandi, ya san ba atamfa da shadda da kayan masarufi kaɗai ke ƙetare iyaka ba. Tun kaka da kakanni akwai wata 'yar haja da ake cusawa a gefen kaya, wadda ba ta da nauyi, ribarta ma ba ta taka kara ta karya ba, amma ita ce ta riƙe wa Hausawan zangunan Jamhuriyar Benin harshensu. Muna nufin littafi da waƙa, daga baya kuma kaset da faifan fim. A yau wannan haja ta bar jakarmu ta koma cikin wayar salula, kuma da za ta shiga ba ta shiga ita kaɗai ba, ta shiga tare da kartar kuɗi. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna a wannan fili kan abin da muka samu da abin da ke neman salwanta.

Tsohuwar hanya ce

Idan mai karatu bai manta ba, Jugu ba baƙon gari ba ne ga Bahaushe. A ƙarni na 19 ayarin fataken Gonja kan taso daga Kano da sauran garuruwan ƙasar Hausa da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Jugu kafin su ƙarasa Salaga sayen goro. Unguwar Wangara ta Jugu, inda baƙin 'yan kasuwa ke sauka wurin fatomansu, ta girma ne da wannan safara. Ayarin kuwa bai rasa malamai da mawaƙa, domin ta irin wannan hanya ce Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya je ya zauna Salaga sannan Karaci, ya yi ta rubuta waƙoƙi da Larabci da ajami har ya rasu a 1934. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa ta faɗa hannun Ingila, jirgin ƙasa kuma ya iso Paraku daga Kwatano a 1936 ya juya akalar ciniki zuwa bakin teku. Duk da haka zumuncin zango da gida bai yanke ba.

Sai dai zaman nan yana da nasa sharaɗi. Yaron da aka haifa a Zangon Paraku da Dandanci yake wasa a titi, da Faransanci yake karatu a lakwal, idan ya shiga kasuwar Arzeke kuma ya tarar da Bargawa da Yarabawa da Fulani kowa da yarensa. Hausar boko ba ta cikin abin da ake koya masa a aji. To, ina zai koyi karanta ta? Amsar da yawancinmu muka sani ita ce a ɗakin mahaifiyarsa ko yayarsa, daga ɗan littafin da wani kawu ya zo da shi tsaraba daga Kano.

Zamanin tsarabar littafi da kaset

Daga ƙarshen shekarun 1980 ne littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka fara cika gari. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sai Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda har aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Funtuwa kuma ta yi suna da Allura Cikin Ruwa. Littattafan ƙanana ne, masu araha, ana yin su kashi-kashi, don haka duk wanda zai je sarin kaya Kantin Kwari ba ya rasa saƙon a taho da na biyu ko na uku. Littafi ɗaya kan zaga gida goma, ya rasa bango, a ɗinke shi da zare a ci gaba da ba da aro.

Malamai da iyaye sun yi ta kuka da waɗannan littattafai, har a 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta sa aka ƙona wasu a bainar jama'a. Ba mu ce duk kukan banza ne ba, don akwai marubutan da suka wuce gona da iri. Amma mu da ke zaune nesa da gida mun ga wani amfani da mutumin Kano ba zai gani ba. Matan da ba su taɓa zama ajin Hausa ba, son jin yadda labari zai ƙare ne ya sa suka iya haɗa baƙi, suka gane bambancin ƙ da k, suka koyi karin maganar da ba a ji a kasuwar Jugu.

Haka ma fim. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, zuwa Sangaya da Wasila da suka tashe wajajen 1999 da 2000, kaset ɗin Kano ya zama haja mai zaman kanta, ana sarowa daga Ƙofar Wambai ana kawowa gidajen kallo. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamban 2014, shi ne a ganinmu ya fi kowa cin kasuwar nan, domin ko Badande ko Babarge da ba ya jin Hausa sosai, da ya ga tafiyarsa da zaren idonsa zai kwashe da dariya. Ta haka yara da yawa suka fara kwaikwayon Hausar Kano, har iyayensu na yi musu tsiya cewa sun zama Kanawan ƙarfi da yaji.

Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani ɗan kasuwa ne ke zaɓe. Shi zai duba littafi ko faifai a Kano, ya san maigidan da zai kai wa, ya san abin da ba zai iya shiga da shi gidan surukinsa ba. Ko bai sani ba, shi ne mai tace kayan.

Waya ba ta san iyaka ba

Yanzu labari ya sha bamban. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma gadar Malanbil da Gaya ta tsaya, manyan motoci suka yi layi, kaya suka lalace, wasunmu har yau ba su gama farfaɗowa ba. Amma a duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa jin an ce sabon kashin Izzar So ko Labarina ya maƙale a hannun duwan ba. Ranar da ya fito a YouTube, ranar ake kallonsa a Jugu. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta shigo da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in har cikin falo, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker kuwa a 2020 ba gidan bikin da ta bari.

Mu dai idan za a tambaye mu, finafinan yanzu sun fi na da kyan hoto da sauti, sai dai ja-in-ja ya yi yawa. Maganar da Ibro zai gama a minti biyar, yanzu sai a yi mako uku ana jan ta, mai kallo kuma yana zuba kuɗin data. Littattafan ma sun koma WhatsApp da Wattpad, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube, tela na ɗinki yana saurare. Akwai masu ma'ana a ciki, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da mata marubuta masu basira. Akwai kuma waɗanda ba editan da ya duba su, rubutun ba aya ba waƙafi, wasu ma kunya ba za ta bari a karanta su a gaban yara ba. Har gobe ba mu ga wanda ya kamo ƙafar Magana Jari Ce na Abubakar Imam wajen iya zance ba, kuma muna shakkar ko yaron da ya tashi da saurare kawai zai iya karatu kamar yadda yayyensa suka iya.

Wata matsalar kuma ta haƙƙi ce. Marubuta da yawa kan saki shafukan farko kyauta, sannan su nemi a biya ta asusun banki na naira kafin a ga sauran. Mai karatu a Paraku sefa ce a wayarsa, don haka sai ya jira wani ya turo masa kwafin sata. A nan 'yan canji da masu shagon tura kuɗi suna da rawar takawa, domin wanda ya iya biyan kuɗin dila goma ta atamfa a Kano daga nan, ba zai kasa isar da kuɗin littafi ga mai shi ba.

Inda gizo ke saƙar

Karta ba sabuwar aba ba ce a zango. Mutanen ɓangaren Nijeriya sun zo da Whot, wadda wani Bature mai suna William Storey ya ƙirƙiro a Ingila a 1935, mai tauraro da da'ira da sauran alamomi. Abin dariya ma, tulin da ake ɗiba a cikinta kasuwa ake ce masa, wanda ya jefa lamba 14 kuma ya tura kowa kasuwa. Ɓangaren Faransa kuwa an saba da belot, mai kati 32, mutum huɗu biyu-biyu. A da ana yin su ne a kan tabarma bayan an tashi kasuwa, a gefen masu dara da ludo, kowa na ganin kowa. Idan aka fara sa kuɗi unguwa za ta sani, wani dattijo zai tsawata, ko liman ya taɓo zancen ranar Juma'a.

Yanzu tabarmar ta koma cikin waya. Wasu wasannin, irin su Ludo King da ya fito daga Indiya a 2016, lokaci da caji kawai suke ci. Amma akwai waɗanda ake shiga da kuɗi, kuma tunda asusun MTN ko Moov ko Celtiis na cikin wayar nan guda, tsakanin kuɗin ciniki da teburin caca bai wuce danna yatsa uku ba. Yadda abin yake shi ne, a fara ba ka ɗan tukuici na shiga, ka ci sau ɗaya ko biyu ka ji daɗi, alhali mai wasan yana cire kasonsa a kowane zagaye, ko wa ya ci. Abokin karawarka ba ka ganinsa, ba ka san ko mutum ne ko na'ura ba. Ba a tashi don magariba ta yi, ba a tashi don an ɗauke wuta.

Mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. A ce yaron shago yana rasa sefa 500 kacal a rana, wato dala 100. A wata ya zama 15,000, a shekara 180,000. Mafi ƙarancin albashi a Benin tun daga Janairun 2023 sefa 52,000 ne a wata, ke nan ya zubar da abin da ya haura albashin wata uku, kuɗin da zai isa a fara tebur. Idan kuwa nasa ya ƙare, kowa ya san aljihun da hannu zai koma. Ga shi yawancin cinikinmu na kan iyaka a kan amana yake tafiya, ba takarda ba sa hannu, maigida na Kano ko Kwatano, yaro na Paraku da kaya da kuɗi. Ranar da lissafi ya ƙi fita, ba jari kaɗai ke tafiya ba, har da sunan gidan da yaron ya fito da zumuncin shekara talatin. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, yana nan a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90. A 2024 Hisbar Kano ta bi shagunan cacar ƙwallo tana rufewa, a watan Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙolin Nijeriya ta ce jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca a cikinsu. Amma shago ake iya sa wa kwaɗo. Wanda ke cikin aljihun yaro, a ƙasar da ma dokarta daban ce, ba mai rufe shi sai tarbiyya da sa ido.

Abin da ya rage gare mu

Ba za mu ce a ƙwace wa yara waya ba, domin da ita ake jin farashin canji, da ita ake bin sawun mota, kuma a cikinta ne yau Hausar da muke tsoron su rasa take. Shawararmu ga iyayen gida ita ce a raba layin ciniki da layin yaro, a riƙa rufe lissafi kullum da yamma maimakon ƙarshen wata, domin ɓarakar sefa 500 tana da sauƙin ɗinkewa fiye da ta 180,000. Wanda aka kama a karon farko a zaunar da shi a yi masa lissafin nan a gabansa kafin a kai ga tonon silili. Sarakunan zango da limamai su ma su san cewa cacar yanzu ba ta da tabarma.

Sannan duk wanda Allah Ya kai shi Kano ko Zariya sarin kaya, kada ya raina tsohuwar tsaraba. Har yanzu ana samun Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce a shagunan littattafai, kuma kuɗinsu bai kai abin da ake ƙonawa a data a wata guda ba. A kawo, a ajiye a shago, a sa yaro ya karanta wa jama'a da ƙarfi lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Kakanninmu da jaki suka kawo littafi Jugu, mu da muke da mota ba mu da uzuri.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya shirya mana zuri'a, amin.