Yadda Ake Gane Dardumar Bango Ta Aubusson Da Ƙimarta

A tsakiyar ƙasar Faransa akwai wani ƙaramin gari mai suna Aubusson, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana saƙar dardumar bango, watau zanen ulu mai hotuna da ake ratayawa domin ado. Sana'ar ta yi sanyi ƙwarai kafin 1939, shekarar da mai zane Jean Lurçat ya sauka garin. Shi ne ya rage launukan zare zuwa 'yan gomiya, ya ba kowane launi lamba, ya kuma sa aka koma saƙa da zare mai kauri. Masu zane irin su Jean Picart Le Doux da Dom Robert suka bi sawunsa.

To, da kayan suka yi farin jini, sai wasu kamfanoni suka shiga buga hotunan nan a kan yadi da fenti, wasu kuma suka saƙa su da inji. Daga nesa duk ɗaya suke, amma a wurin gwanjo tazarar kuɗinsu ba kaɗan ba ce, kuma mai saye da gaggawa shi ke kwana ciki.

Saboda haka gwanaye ba su tsayawa kallon fuskar darduma, juya ta suke yi. Masaƙin Aubusson ta baya yake aiki, don haka a bayan ta ainihi za a ga hoton sarai a juye, ga bakin zaruruwa suna reto inda aka canja launi. Ta bugu kuwa bayanta fayau yake. Har wa yau akan ɗinka wani ƙyalle a baya, wanda Faransawa ke kira "bolduc", mai ɗauke da sunan aikin, da girmansa, da masaƙar da ta yi shi, sau da yawa har da sa hannun mai zanen. Masaƙu irin su Pinton kan saƙa tambarinsu a kusurwa, kamar yadda Tabard ma ta riƙa yi a da. Dokar harajin Faransa ma ba ta lissafa darduma cikin aikin fasaha na asali idan an saƙa fiye da takwas daga zane ɗaya.

Bayan suna da girma, sai lafiyar kaya. Rana ita ce babbar abokiyar gaba. Idan launin baya ya fi na gaba kaifi nesa ba kusa ba, to ta koɗe, kuma koɗewa ba ta da magani. Ɓarnar asu kam ana iya gyara ta, sai dai dillali zai cire ladan gyaran daga farashi.